Kuɗin rifon na haraji a Amurka: ta ina yake zuwa, ta hannun wa?

Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, tambayoyin da ake yi min, ni mai cike wa mutane takardun haraji, game da rifon, wato kuɗin harajin da gwamnati ke mayar wa mutum, ba sa canjawa. Ga amsoshinsu a wuri guda, 'yan'uwa, don Allah a karanta kafin a kira ni.

Kai ne za ka ba ni kuɗin?

A'a. Hukumar haraji, IRS, ita ke biya. Aikina in cike takardunka in aika.

Wace hanya ta fi sauri?

A aika takardun ta intanet, kuɗin ya faɗa asusun bankinka kai tsaye. Yawanci ba ya wuce kwana 21. Cakin takarda kuwa gwamnati ta fara janye shi tun 30 ga Satumba 2025, kada ka dogara da shi.

To a tura asusunka mana, in zo in karɓa a hannu.

Ba zan yi ba, kuma duk mai cike haraji da ya yarda ya yi maka haka, ka kwashe takardunka ka bar ofishinsa. Doka ta hana mu karɓar rifon ɗin mutum a asusunmu, ta hana mu canja cakinsa, akwai tara a kai. Abin da ke ɓata min rai shi ne mutanenmu sukan ce "ai ɗan gari ne, tare muke salla." Zumunci daban, kuɗi daban. Ka duba ya sa hannu a takardar, ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar da IRS ke ba masu cike haraji. Wanda ya karɓi kuɗin aiki ya ƙi sa sunansa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ba ni da kuɗin biyan ka yanzu. Ba za a cire daga cikin rifon ɗin ba?

Ana yi, amma ka saurara da kyau, domin a nan ake yawan rikicewa. Ba ni nake cirewa ba. Akwai bankuna da kamfanonin da ke wannan harka, irin su Republic Bank da Santa Barbara TPG. Bankin zai buɗe asusu na wucin gadi da sunanka, IRS ta zuba kuɗin a can, bankin ya cire ladan aikina ya ba ni, ya cire nasa, sannan ya miƙo maka saura. Sauran yana iya zuwa asusunka, ko a kan kati, ko a buga maka caki a ofishin mai cike harajin. Saboda haka in ka duba layi na 35 a fom 1040, wato babbar takardar harajinka, za ka ga lambar asusun da ba taka ba. A wannan tsarin kaɗai hakan ba matsala ba ne, muddin an ba ka takardar yarjejeniyar bankin ka sa mata hannu.

Ko ya dace da kai? Ya danganta. Kuɗin bankin yakan kai wajen dala 40, wasu ofisoshin kuma suna ɗora nasu a kai da sunaye iri-iri. Ba ya ƙara sauri ko kaɗan, wani lokaci ma yakan ƙara kwana ɗaya ko biyu. In kana da abin biya a aljihu, biya ka huta. In da gaske babu, ko ba ka da asusun banki, to yana iya zama mafita, kodayake na fi son ka je ka buɗe asusu, don akwai bankunan da ke karɓar masu lambar ITIN, wato lambar harajin da IRS ke ba wanda ba shi da Social Security. Kuma ka bambance wannan da kuɗin da ake ba mutum tun kafin IRS ta biya. Wancan bashi ne. Wani babu ruwa a kansa, wani akwai, kuma mai gudun riba sai ya karanta takardar layi-layi, kada ya tsaya ga abin da aka faɗa masa da baki. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da za a cire kafin ka sa hannu a fom 8879, wato takardar izinin aika harajinka ta intanet.

Na cike tun Janairu, har yau shiru.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba wanda ya ci kuɗinki. In kin nemi tallafin masu ƙaramin albashi, EITC, ko ƙarin tallafin yara, dokar PATH ta 2015 ta hana IRS biya kafin tsakiyar Fabrairu. Ki duba manhajar IRS ta waya, ki ga inda kuɗin yake.

A sa asusun ƙanena?

A'a. Naka, ko na matarka in tare kuka cike, ko na haɗin gwiwarku. Banki yana iya mayar da kuɗin in suna bai dace ba. Kuma asusu ɗaya ba ya karɓar rifon fiye da uku a shekara.

A tura min Kano ko Yamai ko Kumasi?

IRS ba ta tura shi bankunan gida. Ka karɓa a nan, ka aika da kanka. In so kake ka ware na gida tun farko, fom 8888 yana raba kuɗin zuwa asusu uku, duk da sunanka.

Ya zo, amma bai cika ba.

Kafin ka zargi kowa, jira wasiƙa. Baitulmalin Amurka yana cire tsohon bashin haraji, da na jiha, da kuɗin ciyar da yara da kotu ta ɗora. In ba wannan ba ne, kuma abin da aka aika wa IRS ya saɓa da kwafin da ke hannunka, ka kai ƙarar mai cike harajin da fom 14157.