PKU ba ciwon Turawa kaɗai ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa fenilketonuriya, wadda ake kira PKU, ciwon 'ya'yan Turawa ne. Akwai dalili: likita Asbjørn Følling ya gano ta a ƙasar Norway a 1934, kuma yaran da ke da ita sukan fi 'yan uwansu hasken fata da gashi. Amma hasken nan aikin cutar ne, domin tana tauye sinadarin da ke ba fata launi.

Gado ne daga uwa da uba duka biyu. Hanta ta kasa sarrafa fenilalanin, wani sinadarin furotin da ke cikin nama, madara, ƙwai da wake, sai ya taru a jini ya illata ƙwaƙwalwa. Ƙwayar gadon da ke jawo cutar idan ta samu matsala, wadda ake kira PAH, tana da ɗaruruwan sauye-sauye, kowane yanki da nasa: sauyin da ake kira R408W ya fi yawa a gabashin Turai, R243Q kuma a ƙasar Sin. Turkiyya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa, kuma auren zumunci na da hannu a ciki. Wannan ya shafe mu, tunda auren ɗan kawu da 'yar gwaggo ba baƙon abu ba ne a gidajenmu.

Abin da ke ci mini rai shi ne jaririn yakan zo lafiya ƙalau. Sai bayan watanni uwa ta ji warin ɓera a fitsarinsa, ta ga bai zauna ba, ga farfaɗiya, a ce iska ce. Alhali gwajin ɗigon jini daga dugaduginsa a kwanakin farko, da abinci na musamman, sun isa su kare ƙwaƙwalwarsa.