Kashe kaifin gefe a manhajojin zanen injiniya

Kashe kaifi shi ne yanke gefen abu a karkace, ta yadda wurin da fuska biyu suka haɗu suka yi kaifi zai koma wata siririyar fuska shimfiɗaɗɗiya. A manhajojin zanen injiniya irin su AutoCAD da SolidWorks da FreeCAD, sunan umarnin Chamfer. Yana da ɗan'uwa mai suna Fillet, wanda shi mulmule gefen yake yi ya zama lanƙwasa. Abin da kafinta ke yi wa bakin tebur, ko maƙeri ya yi wa ƙarfe da magagari, shi ake yi a nan, sai dai a kan siffar da ke cikin kwamfuta, tun kafin a taɓa ƙarfe.

Yawancin waɗannan manhajoji suna riƙe daskararriyar siffa ne ta hanyar iyakokinta: fuskoki, gefuna, da tsinin da gefuna ke haɗuwa. Lissafin kuwa wani injin lissafi ne da ke ƙarƙashin manhajar yake yin sa. SolidWorks na dogara da Parasolid, FreeCAD kuma da Open CASCADE. A ɗauki siffa irin ta dunƙulen magi: fuska 6, gefe 12, tsini 8. Da an kashe kaifin gefe ɗaya, wannan gefen ya tafi da tsininsa biyu, sabuwar fuska ta maye gurbinsa da gefe huɗu da tsini huɗu. Siffar ta koma fuska 7, gefe 15, tsini 10, kuma fuskoki biyun da ke ƙarshen gefen, ɗaya a kowane ɓangare, sun tashi daga kusurwa huɗu zuwa biyar. Ƙa'idar lissafi ta Euler, wadda ke danganta adadin tsini da gefe da fuska, ba ta motsa ba: tsini a cire gefe a ƙara fuska, amsar 2 ce kafin yankan da bayansa.

Hanyoyin ba da awo uku ne aka fi sani. Ko a ba da tazara ɗaya da za a ci daga kowace fuska, wanda a kan gefe mai digiri 90 yake ba da yanka mai digiri 45; ko tazara biyu mabambanta; ko tazara ɗaya da kusurwa. A takardar zane ana rubuta 2 × 45°, wasu kuma su taƙaita su rubuta C2. Masu koyo kan yi tuntuɓe a nan, domin milimita 2 ɗin ba faɗin sabuwar fuskar ba ne. Abin da aka ci daga kowane ɓangare ne, faɗin fuskar kanta ya kai kusan milimita 2.83.

Amfaninsa ya wuce kwalliya. Gefe mai kaifi yana yankar hannu, yana kuma saurin ɓalgacewa. Bakin rami da aka kashe wa kaifi yana jan sanda ko ƙusa ta shige ba gardama. Masu walda suna yanke bakin faranti biyu masu kauri a karkace domin narkakken ƙarfe ya sami wurin shiga har ciki. A injin ɗab'i na 3D kuma, wato na'urar da ke gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa, gefen ƙasa mai digiri 45 yakan fito ba tare da an yi masa matokari ba, alhali mulmulallen gefe a wannan wurin yakan zubo, saboda farkon lanƙwasarsa kusan a kwance yake. Amma inda nauyi ke taruwa a kusurwar ciki, mulmulawa ta fi, don ta fi raba ƙarfin da ke neman tsaga ƙarfen.

Umarnin yana da sauƙin dannawa, yana kuma da yawan ƙi. Idan awon ya fi fuskar da ke kusa faɗi, yankan zai cinye ta gaba ɗaya, sai manhajar ta ce ba za ta iya ba. Haka nan inda gefe uku suka haɗu a tsini ɗaya kowanne da nasa awon, dole injin lissafin ya ƙirƙiri yadda zai rufe wurin, kuma ba kullum yake dacewa ba. Matsala mafi ban haushi ita ce ta suna. Manhajar tana tuna gefen da aka zaɓa ne da wata lamba ta ciki. In mai zane ya koma baya ya huda rami, lambobin na iya sauyawa, sai a tarar yankan ya koma kan wani gefe dabam ko ya ɓace. FreeCAD ta daɗe tana fama da wannan, kuma sigar 1.0 da ta fito a Nuwamba 2024 ta rage shi sosai. Shi ya sa ƙwararru ke barin kashe kaifi sai ƙarshen aiki, bayan an gama manyan yanka da ramuka.

Wata manhajar zane mai suna OpenSCAD ba ta da wannan umarnin ko kaɗan, domin ita da haɗa siffofi da cire wata daga wata take gini, ba ta ba da damar zaɓen gefe. Mai son kashe kaifi a cikinta sai ya zana wata siffa, ya juya ta digiri 45, ya ɗora a kan gefen, sannan ya cire ta daga jikin abin.