Ƙungiyar al'adu tana iya neman kuɗi, rabawa ne doka ta hana

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, marubuta, da masu kula da tsofaffin littattafai da kayan tarihi, wai "ai mu ba ƙungiyar riba ba ce, doka ta hana mu sayar da komai". Wallahi wannan fahimtar ta kashe ƙungiyoyi da yawa, ana zaune ana jiran wani Alhaji ko ɗan siyasa ya kawo gudummawa, ranar da ya daina shikenan sai a rufe ofis. To ba haka dokar ta ce ba.

Dokar da nake nufi ita ce CAMA ta 2020, wato dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, ce ke aiki da ita. Ɓangaren da ya shafe mu ya fara daga sashe na 823, inda aka ce jama'ar da suka haɗu don addini, ilimi, adabi, al'ada, wasanni ko taimako za su iya naɗa amintattu, wato masu riƙe wa ƙungiya amanar dukiyarta, mutum biyu ko fiye, su yi rajista. Kun ga adabi da al'ada an ambace su da sunansu. Kafin a ba ku satifiket sai an buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta kama da zamba cikin shekara biyar da suka wuce.

Amfanin rajistar shi ne ƙungiya ta zama kamar mutum a idon doka, tana da asusun banki da sunanta, tana mallakar fili da gini, tana kai ƙara a kai ta. Na san wata ƙungiyar wasan daɓe da ta yi shekaru tana tara kayan kiɗa da sutura, amma komai da sunan shugaban aka saya har ɗakin da suke atisaye, Allah ya yi masa rasuwa kayan suka shiga rabon gado, kuma magadan ba su yi laifi ba don takarda sunan mahaifinsu ta nuna. Har yau abin yana min ciwo.

Sai sashe na 838, nan ne zuciyar maganar. Abin da ya ce shi ne duk kuɗin da ƙungiya ta samu da duk kadararta, a kan manufar da aka kafa ta kawai za a kashe, ba a raba wa mambobi a matsayin riba ko kyauta, a fili ko ta bayan gida. Ku lura bai ce kar kuɗi ya shigo ba. Kuna iya yankar tikiti a ƙofa, ku ba da hayar zaurenku ana biki, ku karɓi kuɗin koyar da yara rini ko dukanci ko ƙira, ku sayar da littafin da kuka buga, ku karɓi kuɗin zagayawa da baƙi lokacin hawan sallah, musamman yanzu da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Hawan Daba na Kano a jerin al'adun duniya a 2024, bayan bikin kamun kifi na Argungu da ya shiga tun 2016. In an yi rara a ƙarshen shekara, rarar tana komawa asusu, a gyara rufin da ke yoyo, a sayi akwatunan ajiye takardu, a ajiye wani abu saboda shekarar da babu mai bayarwa. Mu da muka san waƙafi wannan ba baƙon abu ba ne, uwar kuɗi tana nan, amfanin ake ci.

Kuma dokar ta yarda a biya ma'aikaci albashi daidai gwargwado kan aikin da ya yi da gaske. Dan Allah a daina jin kunyar wannan, mai gadin gidan tarihi da malamin da ke karanta rubutun ajami suna da iyali, in kullum "don Allah" ne za su yi wata shida su tafi neman abinci. Inda aka ja layi shi ne ƴan kwamitin gudanarwa, su ba a ba su muƙami mai albashi, sai dai in mutum ya shiga kwamitin ne saboda muƙamin nasa. Amma ana iya mayar musu da abin da suka kashe daga aljihu, ko a biya haya mai ma'ana in gininsu ƙungiya take ciki. Wanda ya san haka kuma ya karkatar da kuɗi, doka ta ce ya dawo da su. A ganina wannan layin alheri ne gare mu, shi ke sa mai bayarwa ya saki hannu.

Haraji fa? Nan mutane ke ruɗewa, rajistar CAC ba ita ce yafe haraji ba. Ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce ana yafe wa ƙungiyar addini, ilimi ko taimako da ke amfanar jama'a gaba ɗaya, matuƙar kuɗin ba daga kasuwanci ya fito ba. Wato gudummawa da tallafi da kuɗin mambobi daban, ribar shagon sayar da riguna daban, ta biyun ana iya neman haraji a kanta. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta bar wannan bambancin. Saboda haka ku raba littafin lissafi gida biyu tun farko, kar a cakuɗa kuɗin tikiti da na gudummawa a leda ɗaya. Kuma tunda kalmomin da aka yi amfani da su addini, ilimi da taimako ne, lokacin rubuta tsarin mulkin ƙungiya ku fito da ɓangaren koyarwa ƙarara in har kuna yi, a samu lauya ko akanta ya duba kafin a miƙa. Harajin albashin ma'aikata kuwa yana nan, ba a yafe shi.

Rahoton shekara ma kar a yi wasa da shi, ana kai wa CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Gidauniyar waje da za ku nemi tallafinta tana iya tambayarsa, da rahoton mai binciken kuɗi.

In kuma ƙungiya ta gaza gaba ɗaya, sashe na 849 ya ba da dama ƙungiyoyi masu manufa iri ɗaya su haɗe, ni dai gara ƙananan ƙungiyoyin marubuta uku a gari ɗaya su haɗa hayar ofis da sakatare ɗaya da a ce kowacce ta mutu a tsaye. In rushewa za a yi, kotu ce ke rusawa, a biya bashi, abin da ya rage ba a raba wa mambobi, sashe na 850 ya ce wata ƙungiya mai irin manufarku za a miƙa wa, kalangu da kundaye da duk abin da aka tara.