Buroshin yaro: mai taushi, mai ƙaramin kai, kuma nasa shi kaɗai

Ranar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi da nake aiki, idan an gama awo nakan yi wa iyaye mata tambaya ɗaya: "Buroshi nawa ne a gidanki?" Amsar da na fi samu dariya ce. Wata ta ce biyu, na maigida da nata. Yaran fa? "Ai in na gama sai in goga musu da nawa." Wata ta ce guda ɗaya ta saya wa yara huɗu, suna karɓa-karɓa kafin su wuce makaranta. Akwai wadda ta dube ni ta ce, "Malama, haƙoran da za su zube ne zan ɓata wa kuɗi?" Ban ga laifinta ba. Yadda cefane ya koma a yau, buroshi ba shi ne zai fara zuwa ran mutum ba. Sai dai a lissafin nata akwai kuskure.

Haƙoran farko na yaro guda 20 ne. Suna fara tsirowa wajen wata shida, su kammala tsakanin shekara biyu da rabi zuwa uku. Na gaba ne ke fara zubewa wajen shekara shida, amma turamen ciki sai yaro ya kai 10 zuwa 12 suke faɗuwa. Wato haƙorin da ake cewa "ai zai zube" zai yi wa yaro tauna kusan shekara goma, kuma shi ke riƙe wa na dindindin gurbinsa. In ya ruɓe aka cire shi da wuri, maƙwabtansa sai su matso, wanda zai fito daga baya ya rasa wuri ya fito a karkace.

Ga kuma wani abu da yawancin iyaye ba su sani ba. Wajen shekara shida akwai turame huɗu da ke fitowa can ƙurya, biyu sama biyu ƙasa, bayan haƙoran farko, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Waɗannan na dindindin ne, ba su da magaji. Da yake ba a ga wani ya zube ba, sai a ɗauka su ma na yarinta ne, a bar su su yi kogo. Na sha ganin yaro ɗan shekara tara an kawo shi kumatu a kumbure, uwa na cewa a cire kawai wani zai fito, ni kuwa na san ba mai fitowa. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne ke da ruɓewa a haƙoransu na farko.

To wane buroshi za a saya? Abin da nake so a fara cirewa a rai shi ne wai tsada ita ce inganci. Abu uku kawai ake dubawa, kuma duk ukun ana samunsu a buroshi mai araha.

Na farko gashinsa, kuma a nan ne muka fi yin kuskure. Mutanenmu sun fi son buroshi mai ƙarfi, wai shi ke fitar da datti, kamar dai ana wanke ƙasan tukunya. Ki kankari haƙorinki da farce da sassafe ki duba abin da zai fito: wani farin abu ne mai laushi kamar kamu. Shi ne dattin da ake magana, tarin ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukarin da ya saura a baki su fitar da tsami, tsamin kuma ya cinye jikin haƙori. Abu mai laushi haka ba ya buƙatar ƙarfi, gashi mai taushi ya ishe shi. In kuwa an bar shi ya daɗe ya daskare ya zama wannan tsatsar da ke maƙalewa a gindin haƙori, to babu buroshin da zai cire ta duk ƙarfinsa, sai ma'aikacin haƙori da kayan aikinsa. Don haka mai ƙarfi bai ƙara komai ba, illa ya kuje dasashi ya sa shi ja da baya, ya zaizaye wuyan haƙori, har mutum ya fara jin tsirr in ya sha ruwan sanyi. Ga yaro kuma abin ya fi muni, don da zarar ya ji zafi sau biyu ya tsani buroshi ke nan, kullum sai an yi kokawa. A jikin kwali ana rubuta soft, ko medium, ko hard. A nemi mai soft, ga yara da manya duka. Wanda bai iya karatun boko ba ya ce wa mai shago mai taushi yake so, in an je gida a gwada shi a bayan hannu. In ya yi kaushi a fata, a bakin yaro sai ya fi haka.

Na biyu girman kai. Bakin yaro ƙarami ne, buroshin babba ba ya isa ƙurya, kuma yana sa shi yunƙurin amai. Kan da zai rufe haƙora biyu, ko uku in ya yi yawa, shi ne daidai. Manya ma ƙaramin kai ya fi yi musu aiki. Na uku mariƙi: mai ɗan kauri wanda ba ya sulɓewa in ya jiƙe.

Sauran duk ado ne. Hoton katun, fitila mai walƙiya, kiɗa, batir, duk kuɗinsu ake ɗora wa mai saye, babu wanda ke taɓa haƙori a ciki. In bambancin kuɗin kaɗan ne kuma hoton zai sa yarinya ta riƙa ɗauko buroshinta da kanta, ba laifi. Amma a sayi mai fitila guda ɗaya a bar yara uku ba su da nasu, wannan ba dabara ba ce. Haka na lantarki: yana aiki, amma na hannu da aka goga yadda ya kamata ya wadatar.

Araha ma akwai wadda ake gudu. Buroshin da aka zuba tsirara a kofi a kan tebur, ƙura na hawa, kowa ya zo ya shafa da yatsa, a bar shi. A sayi wanda yake rufe a ledarsa ko kwalinsa. In an buɗe a ɗan ja gashin da yatsu biyu, in ya fizgo to ba na bakin yaro ba ne, a kuma shafa gefen robar kada ta kasance da kaifi.

Yanzu lissafi. Buroshi yana yin wata uku zuwa huɗu, ko ƙasa da haka in gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Na yara ya fi saurin bajewa don taunawa suke yi. Gida mai mutum bakwai, in ana sauyawa sau uku a shekara, buroshi 21 ke nan, saura guda uku ya cika dozin biyu. Sayen ɗai-ɗai a kemis ko shagon unguwa shi ke sa abin ya yi nauyi. A sayi dozin a wurin 'yan sari, kamar kasuwar Singa ga mutanen Kano, ko ranar kasuwar mako a karkara. In dozin ya yi wa gida ɗaya yawa a haɗa kuɗi da maƙwabciya ko 'yan adashi a raba. Don kada a manta lokacin sauyi, nakan ce a ɗaura shi a kan komawa makaranta: duk sabon zangon karatu, in ana sayen littafi da fensir, a sa buroshi a ciki. Zango uku, buroshi uku.

Kuɗin da aka rage daga sayen ado, a sa shi a makilin, don a nan ne maganin yake. Buroshi share datti yake yi, sinadarin fuloraid da ke cikin makilin shi ke ƙarfafa jikin haƙori ya jure tsami. Muhimmancinsa ya kai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. A juya bayan kwali a nemi lamba tsakanin 1000 da 1500 da haruffan ppm a gefenta, wato awon fuloraid ɗin da ke ciki, a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Ba dole sai an sayi na yara daban mai ɗanɗanon alewa ba, wanda galibi ya fi tsada, wani ma fuloraid ɗinsa bai kai ba. Na gida ɗaya ya ishi kowa, in dai an san awo. Ƙasa da shekara uku, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kamar ƙaramar ƙwayar wake. Wancan da ake nunawa a talla, a matso shi ya cika buroshi daga kai zuwa kai, mai sayarwa ya amfana. Kuma babba ne zai matsa wa yaro, sannan a ɗauke makilin a sa inda hannunsa ba zai kai ba, don wasu lashewa suke yi. Fuloraid in ya yi yawa a cikin yaro lokacin da haƙora ke haɗuwa yana barin farin tabo ko ruwan ƙasa a jikinsu. Mutanen Kaltungo a jihar Gombe da na Tibiri a jihar Maraɗi sun san wannan, ko da yake nasu daga ruwan sha ya zo, ba daga makilin ba. In an gama gogewa a tofar, kada a bi da kurkure baki da ruwa mai yawa, a bar ɗan abin da ya saura ya yi aikinsa.

Wani dattijo ya taɓa tare ni ya ce, "'Yar nan, kina nufin mu bar aswaki?" Na ce a'a Baba, wa ya isa. Sunna ce, kuma hadisi ya tabbata cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da an umarce mu da shi a kowace sallah. Aswaki mai kyau, ko reshen darbejiya da aka tauna ya yi laushi, yana share haƙori sosai a hannun wanda ya iya. Abu biyu ne kawai: ba shi da fuloraid da zai kai na makilin, kuma ɗan shekara biyu ba zai iya sarrafa shi ba, sai ma ya soki dasashi ko ya haɗiye ɓurɓushi. Manya su ci gaba da aswakinsu da rana, a riƙa yanke kan da ya tsufa, buroshi da makilin kuma safe da dare. Gawayi da toka da gishiri zalla su ne nake roƙon a bari, haskensu na ɗan lokaci ne, a hankali suke cinye haƙori.

Batun kowa da nasa ba ƙyanƙyami ba ne. Ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori suna bin yawu daga bakin babba zuwa na yaro. Dasashi kuma yakan yi jini, kuma ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasarmu kuma mai shi kan daɗe bai sani ba, yana iya bin wannan jinin. A saya wa kowane yaro launinsa, in duk iri ɗaya ne a ɗaura zare ko a ƙona alama a mariƙi. Bayan amfani a ɗauraye, a yarfe, a tsayar da shi kai a sama a wurin da iska za ta busar da shi, kawunan kada su haɗu. Kada a ƙunshe shi a leda yana jiƙe, kada kuma a bar shi a makewayi inda kyankyaso ke yawo da dare.

Kafin haƙori ya fito, tsumma mai tsabta da aka jiƙa a naɗe a yatsa ya isa a share wa jariri baki. Ranar da na farko ya ɓullo, ranar buroshi ya fara aiki. Amma miƙa wa ɗan shekara huɗu buroshi a ce "je ka goge" ba gogewa ba ce, haƙoran gaba zai shafa ya tsotse makilin ya dawo. Har ya kai bakwai ko takwas hannun babba ake buƙata. Ki zauna, ki kwantar da kansa a cinyarki yadda za ki ga cikin bakin, ki ɗaga leɓe, ki bi inda haƙori ya haɗu da dasashi a hankali, ciki da waje da saman turame, kamar minti biyu. Na dare ya fi na safe muhimmanci, don yawu yana raguwa in an yi barci, gullisuwa da alewa da zoɓon da aka sha da yamma su kwana suna aiki. Bayan an goge sai ruwa, kada a ba shi bulunboti mai shayi ko sukari ya kwana da shi a baki. Maigida, wannan ba aikin mata ba ne kawai. In ka dawo daga sallar isha'i uwargida tana fama da kwanuka da jariri, kai ka zaunar da manyan yaran.

Wannan ɗaga leɓen yana da wani amfani, shi ne kina ganin abin da ke faruwa tun da wuri. Farin layi kamar alli a gindin haƙoran gaba alamar farkon ruɓewa ce, a lokacin ana iya tsayar da ita. Amma in dasashin yaro ɗan shekara biyu zuwa shida ya kumbura yana jini, baki yana wari ƙwarai, ko kumatu ya fara kumbura, musamman yaron da ya rame ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, wannan ba na jira ba ne. Haka cutar noma ke farawa, wadda ke cin fuska cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka kafa dominta tun 1999, kuma a Disamban 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su. A matakin dasashi, tsabtace baki da maganin da ma'aikacin lafiya zai rubuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. In kin ga waɗannan alamu, ki kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a tsaya shafa masa wani abu a gida ana jiran gobe.