An yi wa yaro aiki yana kuka: tambayoyin da na gaji da amsawa

Jinya nake yi a ɗakin yara a wani asibiti a Garwa. Kullum tambayoyin nan ne iyaye suke yi mini, to ga su a rubuce.

Tatsuniya da rarrashi za su iya zama a madadin magani?

A'a. Ƙari ne a kan farasitamol ko abin da likita ya rubuta. Kada ki tsallake lokacin shan magani.

Me ya sa kuke sa shi hura kumfar sabulu?

Hankalinsa ya bar kan ciwon, dogon numfashin kuma yana buɗe huhu bayan allurar barci. In zai yi tari, riƙe masa matashi a kan ɗinkin.

Ya yi shiru, ai ya samu sauƙi ko?

Wa ya gaya muku? Kun cika masa kunne da "namiji ba ya kuka", ya ƙame yana haɗa gumi. Abu biyar muke dubawa don auna ciwon: fuska, ƙafafu, motsi, kuka, da ko yana rarrasuwa. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimla 10. Baba, don Allah a bar yi masa tsawa.

Zan iya ba shi nono, ko ruwan sukari, ko rubutu?

To, nan sai a hankali, don ya danganta da irin aikin. In kaciya ce ko ƙaba, yawanci da zarar ya farka sosai ba ya amai ana barin nono, kuma yana kwantar da jariri ƙwarai. In hanji aka taɓa, kamar wanda taifot ta huda, ko ɗigon ruwa sai likita ya ce. Ruwan sukari kuwa 'yan ɗigo ne muke sa wa jariri a harshe kamar minti 2 kafin allura. Zafin allura yake ragewa, ba ya ɗauke ciwon yanka, kuma mu za mu haɗa, ba ke ba. Zuma haram ga wanda bai cika shekara ba. Addu'a ki yi ta yi, ni ma ina yi, amma tofi kada ya sauka kan ɗinki, rubutu kuma hukuncinsa na ruwa ne. In kin riga kin ba shi wani abu, faɗa mana, ba dukanki za mu yi ba.

Zan iya ɗaukarsa?

Ɗauke shi, Inna, mu nuna miki inda za ki kama. Ƙirjinki ya fi gadonmu.

'Yan dubiya fa?

Biyu sun isa. Zafin Afrilu, mutum goma kan gado ɗaya, ta ina zai yi barci?

Yaushe zan kira ku?

In ciwon ƙaruwa yake, ko ciki ya kumbura, ko zazzaɓi, ko koren amai. Ko ƙarfe ukun dare ne, buga ƙofa.