Waiwaye: Yadda Finafinan Gawa Mai Tafiya Suka Zama Gonar Masu Ƙaramin Jari

Masu bibiyar finafinan ban tsoro sun daɗe suna ja-in-ja a kan yawan finafinan zombi, wato gawa mai tafiya, da ke fitowa daga hannun masu cin gashin kansu. Wasu na cewa kasuwar ta cika ta batse, kowa da kyamararsa da kwalbar jan ruwa. Wasu kuma na ganin nan ne kaɗai matashin da ba shi da uban gida a harkar fim zai gwada hannunsa har duniya ta gani. Ɓangarorin biyu sukan ɗora abin a kan arahar kyamarar dijital da wayoyin hannu, kamar jiya aka fara. Alhali maganar ta haura shekara hamsin.

Labarin zombi daga Haiti ya fito, inda ake ba da labarin mamacin da boka ya tayar ya sa shi bauta a gonar rake. Da wannan siffa ta shiga silima a Amurka a 1932, a fim ɗin White Zombie wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, shi ma aikin masu cin gashin kansu ne. Zombin wancan zamani bawa ne mai bin umarni, ba ya cin naman mutane, cizonsa ba ya yaɗa komai. Wanda muka sani yau ya fito ne a 1968, lokacin da George Romero da abokansa masu shirya tallace-tallace a birnin Pittsburgh suka yi Night of the Living Dead. Mutum goma ne suka fara da karo-karon dala 600 kowanne, aikin ya ƙare a kan kimanin dala 114,000. Wannan duk mai son harkar ya san shi.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wani ɗan layin rubutu da ya ɓace. Kafin a fitar da shi, sunan fim ɗin Night of the Flesh Eaters ne, kuma a allon da ke ɗauke da wannan suna aka rubuta alamar haƙƙin mallaka. Da aka sauya suna gab da fitar da shi, sabon allon ya fito babu alamar. Dokar Amurka a lokacin ba ta da sassauci: aikin da aka fitar wa jama'a ba tare da wannan alama ba, ya zama na kowa. Sai a 1989 aka daina tilasta sa alamar, lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ya kamata a fahimci abin da hakan ya haifar, domin ana yawan kuskure a nan. Ko da alamar tana nan, doka ba ta kare tunani tsagwaronsa, don haka da wuya a hana wani yin fim a kan matattu masu cin nama. Tasirin gaske a yaɗuwa yake. Duk wanda ya mallaki kwafi yana iya buga wasu ya sayar. Ƙananan gidajen talabijin suka riƙa saka shi da tsakar dare ba su biya ko sisi ba, gidajen silima na unguwa haka, da kaset ɗin bidiyo ya zo kuma kamfanoni barkatai suka cika shaguna da shi a kan kuɗi kaɗan. Waɗanda suka yi wahalar aikin ba su ga mafi yawan ribar ba, abin takaici ne ƙwarai. Amma fim ɗin ya zama allon karatun duk yaron da ke mafarkin riƙe kyamara. Ya kalle shi sau goma, ya ga gida ɗaya ne a ƙauye, mutum bakwai a ciki, maƙwabta da abokai ne suka fito a matsayin gawarwaki, sai ya ce ai ni ma zan iya. Ƙa'idojin dodon suka zama kamar gadon gari: yana tafiya a hankali, yana cin nama, wanda ya mutu zai tashi, ba ya faɗuwa sai an fasa kansa. Mai sabon fim ba ya buƙatar ɓata minti ɗaya wajen bayani, kuma ba ya neman izinin kowa.

Ga mai ƙaramin jari, wannan dodo ya fi kowane sauƙi. Ba ya magana, don haka ba a buƙatar gogaggen jarumi. Kayansa tsumma ne. Masu kwalliya kan kasa gawarwakin kashi uku: uku zuwa biyar na gaba, waɗanda kyamara za ta matso fuskarsu, su ake ba awa ɗaya ko biyu kowanne, na tsakiya fenti da baƙi a kewayen ido, na baya ƙura da yagaggun kaya sun ishe su. Rauni ana gina shi da ruwan roba da takardar goge hannu, shimfiɗa uku ko huɗu, a busar da kowace kafin a ɗora wata, sannan a yaga tsakiya a cika da jini. Ruwan robar yana da warin da ke sa hawaye, wasu kuma fatarsu ba ta ɗaukarsa, shi ya sa ake fara gwada ɗigo a hannu. Jinin kuwa ruwan sikarin masara ne mai kauri da jan launin abinci, da ɗigon shuɗi ko koko don ya yi duhu, in ba haka ba sai ya fito kamar lemon kwalba. Su Romero da ruwan cakulan suka yi nasu, domin fim ɗin baƙi da fari ne. Da launi ya shigo sai lissafi ya canja: a Dawn of the Dead na 1978, fentin toka-toka da aka shafa wa gawarwakin ya fito shuɗi a hoto. Daga nan masu harkar suka riƙe cewa kwalliya a gaban kyamara da fitilar da za a yi aiki da ita ake gwada ta.

Inda irin waɗannan finafinai suka fi faɗuwa shi ne sauti. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, har ma yakan ƙara masa tsoro, amma ƙarar janareta a bayan magana tana kashe fim nan take. Sai kuma rigar da ta sha jini: ba ta komawa fara, don haka ko a ɗauki fitowa bi da bi daga tsafta zuwa datti, ko a tanadi riga iri ɗaya guda uku. A wurin zafi, jinin sikari yana tara ƙudaje da tururuwa kafin azahar.

Duk da haka masu kallo suna komawa, kuma dalilin a ganina shi ne rashin kuɗi yana tilasta wa darakta ya juya kyamara ga masu rai. Gawarwakin suna waje, rigimar tana cikin ɗaki: wa zai riƙe bindiga, wa za a buɗe wa ƙofa, me za a yi da 'yar da aka ciza. Jeremy Gardner ya yi The Battery a 2012 da dala 6,000, kusan duka a kan mutum biyu da suka gaji da juna. A Japan, One Cut of the Dead na 2017 ya ci yen miliyan 3, ya buɗe da fitowa ɗaya ta minti 37 ba yankewa, ya kuma dawo da fiye da ninki dubu na jarinsa. A Legas, C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, inda annobar ta taso daga gurɓataccen ruwan sha a unguwar talakawa mai cunkoso, fim ɗin kuma ya ci kyautar gwarzon fim na Najeriya a bikin finafinan Afirka na AFRIFF na 2014.