Jinkirin lokaci: dalilin da matafiyin taurari yake dawowa ya tarar an tsufa

A ƙagaggun labaran kimiyya akwai wani salo da ake yawan komawa kansa. Kumbo zai tashi daga Duniya da gudun da ya kusa kamo na haske, mutanen ciki su yi 'yan shekaru a hanya, su dawo su tarar yaran da suka bari a goye sun yi furfura, wasu ma an daɗe da binne su. Mai karatu kan ɗauka dabara ce kawai ta marubuci don ya sosa zuciya. Alhali cikin duk abubuwan al'ajabin da irin waɗannan labarai suke tarawa, wannan yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka auna aka kuma tabbatar. Shi ake kira jinkirin lokaci: agogon da ya yi tafiya da gudu yana ƙirga lokaci kaɗan idan aka gwada shi da wanda aka bari a baya. Kuma duk abin da yake tafiya da lokaci agogo ne a wannan ma'ana, har bugun zuciya da tsirowar gashi da tsufan jiki.

Asalin maganar yana cikin nazarin da Albert Einstein ya fitar a 1905. Ya gina shi ne a kan wani hali na haske mai wuyar haɗiya. Idan mutum yana cikin mota mai gudu ya jefa dutse gaba, wanda ke tsaye a gefen hanya zai ga gudun dutsen ya haɗa da na motar. Haske ba ya bin wannan lissafi. Gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a sakan ɗaya, kuma haka kowa zai auna shi, mai tsaye da mai gudu, mai binsa a baya da mai tunkararsa.

Daga nan komai ya biyo. A ɗauka akwai madubi biyu a cikin kumbo, ɗaya a ƙasa ɗaya a rufi, ɗigon haske yana kai-komo tsakaninsu, kowace kai-komo ita ce bugun agogo ɗaya. Matafiyi yana ganin hasken yana hawa yana sauka a miƙe. Wanda kumbon ya wuce ta gabansa kuwa yana ganin kafin hasken ya kai rufi, rufin ya riga ya matsa gaba, don haka hasken ya bi hanya a karkace, wadda ta fi tsawo. Hanya ta ƙaru, hasken kuma ba zai ƙara gudu don ya cike giɓin ba. Abin da ya rage shi ne bugun ya ɗauki lokaci mai tsawo. A wurin mai kallo daga waje, agogon kumbo ya yi jinkiri, da duk abin da ke cikin kumbon.

Abin lura shi ne jinkirin ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu. A kashi 10 cikin 100 na gudun haske, wanda ya riga ya fi ƙarfin duk wani injin da muke da shi, bambancin rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, bai kai a gina labari a kansa ba. Sai an kai wajen kashi 87 shekara ɗaya a kumbo take zama biyu a Duniya. A kashi 99 ta zama bakwai. A kashi 99.9 ta haura 22, a kashi 99.99 kuma ta kai 70. Duk abin mamakin yana maƙale ne a ɗan tsukin nan na ƙarshe.

Tauraruwa mafi kusa da mu bayan Rana ita ce Proxima Centauri, nisan da haske yake cinyewa a shekara 4.24. Kumbo mai gudun kashi 99 zai isa can a shekara huɗu da 'yan watanni a lissafin mutanen Duniya, amma matafiyan wata bakwai da 'yan kwanaki za su ƙirga. Sun ci abincin wata bakwai, sun yi barcin wata bakwai. A nan ne labarai da yawa suke kuskure, suna nuna matafiyi yana jin jikinsa ya yi nauyi ko maganarsa tana ja. Babu abin da zai ji. Ruwan shayinsa zai tafasa a lokacin da ya saba, ciwon da ya ji a yatsa zai warke a kwanakin da ya saba. Abin da zai gani daban shi ne hanyar ce ta gajarta masa ninki bakwai, shi ya sa bai taɓa ganin kansa ya wuce haske ba.

Akwai tambayar da mai hankali zai yi a nan, kuma tana da ƙarfi. Tunda gudu abu ne na gwadawa da wani, ai matafiyi ma zai iya cewa shi ne a tsaye, Duniya ce take gudu, to me zai sa shi ne zai dawo da ƙuruciya? Wannan ita ce matsalar da aka fi sani da misalin tagwaye, ɗaya ya tafi a kumbo ɗaya ya zauna a Duniya, wadda Paul Langevin ya tattauna irinta a 1911. Amsar ita ce halin mutanen biyu ba ɗaya ba ne. Wanda ya zauna bai sauya tafiyarsa ba. Wanda ya tafi kuwa sai da ya taka birki, ya juya, ya sake ɗaukar gudu, kuma ya ji hakan a jikinsa. Wannan juyawar ce ta raba gardama, idan suka haɗu agogonsa ne zai kasance a baya.

Hujjar da ta fi burge ni tana sauko mana daga sama kullum. Idan ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya suka daki iskar da ke nisan kimanin kilomita 15 a samanmu, suna haifar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira muwon. Matsakaicin ransu kashi 2.2 ne cikin miliyan na sakan. Da wannan ɗan rai, ko da gudun haske suke, da ƙyar za su ci mita 660 kafin su tarwatse. Amma ana kama su da yawa a doron ƙasa, saboda gudun nasu ya jinkirta musu agogo. A 1971 kuma Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗauki agogunan atom a jiragen fasinja suka zagaya Duniya, sau ɗaya ta gabas sau ɗaya ta yamma, suka dawo agogunan sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya faɗa.

Gudu ba shi kaɗai yake jinkirta lokaci ba. A 1915 Einstein ya kammala nazari na biyu da ya nuna ƙarfin janyowa ma yana yi: agogon da ke kusa da abu mai nauyi sosai ya fi jinkiri. Labaran da suke kai mutane gab da baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa, da wannan suke aiki. Taurarin ɗan'adam na GPS suna ɗauke da duka biyun. Gudunsu yana rage musu kashi 7 cikin miliyan na sakan a kullum, nisansu daga Duniya yana ƙara musu 45, saura 38. Da ba a gyara wannan ba, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da kimanin kilomita 10 kowace rana.

Game da mutane kuwa, muna can baya ƙwarai. Scott Kelly ya yi kwana 340 a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tsakanin 2015 da 2016, ɗan'uwansa Mark da aka haife su tagwaye yana ƙasa, amma tazarar da ta shiga tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Abu mafi gudu da ɗan'adam ya ƙera, kumbon Parker mai nazarin Rana, ya kai kimanin kilomita 692,000 a sa'a a Disambar 2024. Wannan bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na gudun haske ba.

A ganina, labarin da ya riƙe jinkirin lokaci da gaskiya ya fi wanda ya ƙirƙiro injin da ke tsallake haske ya kai mutane wata tauraruwa kafin dare. Na biyun ya sauƙaƙa wa kansa aiki, amma ya zubar da abin da ya fi komai nauyi. Ita wannan tafiya gaba kaɗai take kai mutum. Babu gudun da zai mayar da shi jiya. Uwar da ta amince ta yi shekara ɗaya a kumbo mai gudun kashi 99.99 ta san tun kafin ta tashi cewa jaririnta zai zama tsoho mai shekara 70, in ma yana raye. Sojan da aka tura yaƙi zai iya isa ya tarar an yi sulhu tun zamanin da ya wuce. Marubucin da ya zauna da waɗannan mutane ya bi su a hankali ba ya buƙatar ƙara wani dodo a labarinsa.

Lissafi ma ya yarda da abin da ya fi haka. Kumbon da zai riƙa ƙara gudu a hankali, daidai yadda mutanen ciki za su ji nauyinsu kamar a Duniya, zai kusa kamo haske cikin shekara guda, ya isa tsakiyar gungun taurarinmu a kimanin shekara 20 na ciki, alhali a nan an yi wajen shekara 26,000. Abin da yake tare hanya shi ne makamashi. Kafin a kai nauyin tan ɗaya kacal zuwa kashi 99 na gudun haske, ana buƙatar kwatankwacin makamashin da duniya gaba ɗaya take ci a shekara, sannan a nemo wani kamarsa don tsayawa. Ga kuma ƙurar da ke warwatse tsakanin taurari: a irin wannan gudu, ƙwaya mai nauyin miligiram ɗaya za ta daki goshin kumbo da ƙarfin da ya haura na tan 100 na nakiya.